Yadda ake ɗauke samfurin gini daga wata manhaja zuwa wata ba tare da renda ta lalace ba

Yawancin aikin hoton gini da ke zuwa hannunmu a Legas ba mu muke fara zana shi ba. Akitek zai zana a AutoCAD ko Revit, wani yaro ya tayar da ginin a SketchUp, sannan a turo maka fayil ta WhatsApp a ce gobe da safe Alhaji yana son ganin yadda gidansa na Ajah zai fito. Kai kuma a Blender kake renda, wato fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa, ko a 3ds Max, ko Lumion. Da ka shigar da fayil ɗin sai ka ga bango ya yi baƙi-baƙi, ginshiƙi ya yi kusurwa-kusurwa, gilashi ya zama kamar allo, tayil guda ya cinye rabin falo.

Abin da matasa suka fi yi a nan shi ne ƙara sampul, su bar kwamfuta tana nishi har asuba, fetur ɗin janareta na ƙonewa. Sampul ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikinsa rage ɗigo-ɗigon hoto kawai. Ɓarnar ta auku ne tun lokacin fitar da fayil da shigar da shi, domin kowace manhaja da yadda take auna tsawo, da ɓangaren da take ɗauka a matsayin sama, da yadda take fahimtar fenti. Zan yi misali da hanyar SketchUp zuwa Blender, domin ita ce ta masu ƙaramin jari, amma kusan duk abin da zan faɗa ya shafi sauran.

Mataki na 1: gyara tun a inda aka zana

Ka nemi asalin fayil ɗin SketchUp, wato SKP, kada ka yarda a ba ka FBX, fayil ɗin musaya tsakanin manhajoji, da wani ya fitar. Dalili kuwa mai aiki zai canja ra'ayi, yau ya ce a ƙara baranda, jibi ya ce a sauya rufi. Duk abin da ka gyara a Blender alhali a SketchUp ya kamata a gyara shi, sai ka sake gyara shi duk ranar da sabon fayil ya zo.

Fara da shara. Shiga Window, Model Info, Statistics, ka danna Purge Unused. Wannan zai zubar da kujeru da bishiyoyi da fentin da aka gwada aka fasa amma suna maƙale a cikin fayil. Sai ka goge mutanen kwali da layukan awo da zanen DWG na AutoCAD da aka tayar da gini a kansa.

Daga nan sai juyayyun fuskoki, kuma a nan nake so ka daɗe. Kowace fuska a SketchUp, wato shafin bango ko daɓe ko rufi, tana da gaba da baya. Shiga View, Face Style, Monochrome, duk fenti zai ɓace: gaba zai fito fari, baya ya fito shuɗi mai toka-toka. Duk inda ka hango shuɗi yana kallon waje, wannan fuskar a juye take, tamkar riga ce aka sa a bai-bai. A cikin SketchUp ba za ka lura ba saboda yana bari a shafa fenti a kowane ɓangare, kuma mai zanen ya shafa wa bayan fenti ya wuce abinsa. Amma wasu manhajojin renda ba sa nuna bayan fuska sam, sai ka ga rami a bango. Wasu su nuna shi da wani fenti dabam. Gilashi da ruwa kuwa lissafinsu gaba ɗaya ya dogara da sanin ina ne ciki ina ne waje. Ka zaɓi fuskar, latsa dama, Reverse Faces. Idan suna da yawa a jiki ɗaya, gyara guda ka danna Orient Faces, amma ka sake dubawa, domin a gini mai bangon ciki da yawa yakan juya wasu da dā suke daidai. Bayan ka juya, sake shafa fentin a gaba.

Sai da'ira. SketchUp ba ya zana da'ira ta gaskiya, layuka 24 yake haɗawa, baka kuma 12. A ƙafar kujera babu wanda zai gani. A ginshiƙin ƙofar shiga mai kaurin rabin mita, wanda kyamara za ta tsaya kusa da shi, kowa zai gani. Soften Edges yana ɓoye layukan ne kawai, gefen ginshiƙin da inuwarsa a ƙasa za su ci gaba da nuna kusurwa. Magani shi ne a sake zana shi: ɗauki abin zana da'ira, rubuta 48s ko 72s, danna Enter, sannan ka ja shi sama. Da zarar an ja da'ira ta zama ginshiƙi ba a iya canja adadin daga Entity Info. Kada kuma ka zarce ka sa wa kowane ƙarfen baranda 72. Su goma sha biyu ma sun ishe su, kuma ɗaruruwa ne.

Abu na ƙarshe a nan, sunaye. Kowane abu da zai sami fenti nasa a renda ya zama yana da matiriyal nasa da suna mai ma'ana: bangon_waje, bangon_falo, tayil_kasa, silin_POP, firam_taga. Ka guji haruffa masu ƙugiya da tazara a sunan fayil da na hoto, rubuta tayil_kasa kawai, domin wasu manhajojin sukan kasa karanta su. Lumion da Twinmotion da sunan matiriyal suke rarrabe abubuwa. Idan bango da silin fari ɗaya aka shafa musu, duk abin da ka sa wa ɗaya sai ya hau ɗayan.

Mataki na 2: dawo da ginin cibiya

Wannan matsalar ta fi kama masu aiki da zanen ɗan safiyo. Takardar safiyo a Legas da lambobin UTM take zuwa, wato lambobin taswira da ke nuna wurin fili da mita, shiyya ta 31, kuma lambobin suna haura mita dubu ɗari biyar ta gabas, dubu ɗari bakwai ta arewa. Idan akitek ya tayar da gini a kan wannan DWG ba tare da ya matsar da shi ba, ginin na zaune ne ɗaruruwan kilomita nesa da cibiyar manhaja. Blender da katin girafik suna riƙe wurin kowane ɗigo da lambobi kusan bakwai ne kacal. A nisan mita dubu ɗari bakwai, mafi ƙanƙantar tazarar da za su iya bambancewa ta kai wajen santimita shida. Ka tuna kaurin gilashi bai kai santimita ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga firam ɗin taga ya karkace, fuskoki suna rawa idan ka juya kyamara, inuwa ta yi zane-zane.

Ka zaɓi komai, ka kama kusurwa ɗaya ta ginin ka kai ta inda layin ja da kore da shuɗi suka haɗu. A can asalin fayil za a yi wannan, domin idan aka shigar da shi a nesa ɗigogin sun riga sun gurɓace, ko ka matsar da shi daga baya ba za su koma daidai ba. Ka rubuta inda arewa take kafin ka juya komai. A SketchUp layin kore ne arewa idan ba a canja ba.

Mataki na 3: zaɓen nau'in fayil

STL ka bar wa masu injin buga samfuri. Alwatika zalla ne, babu fenti, babu ma'auni. OBJ tsoho ne mai amana, yana tafiya da ɗan fayil na MTL da hotuna, sai dai ba ya ɗaukar kyamara ko fitila. FBX na kamfanin Autodesk shi ne aka fi amfani da shi, yana riƙe sunaye da jerin rukuni da kyamara, kuma kusan kowace manhaja na buɗe shi. GLB, wato glTF da aka dunƙule wuri ɗaya, ya fi su fahimtar fenti na zamani mai ƙarfe da kaushi, kuma hotunan na cikinsa, ba sa ɓacewa a hanya. Idan manhajarka na fitar da shi, gwada shi tare da FBX ka ga wanda ya fi zuwa da tsabta.

Mai Lumion ko Twinmotion ba ya buƙatar wannan wahalar: LiveSync ga Lumion, Datasmith ga Twinmotion, suna haɗa SketchUp ko Revit kai tsaye. Mai Revit da zai je Blender kuwa ya sani FBX ɗinsa zai iso kusan babu fenti, saboda fentin Autodesk 'yan gidansu irin 3ds Max ne ke karanta shi. Haka fentin V-Ray, wani injin renda, ba ya bin FBX ya fita. Mai Rhino kuma ya kula da akwatin da ke tambayar yawan alwatika lokacin fitarwa, domin lanƙwasa ta gaskiya ce a can, a wannan akwatin ake yanka ta.

A SketchUp, idan ka zaɓi FBX ka danna Options. Ka kunna Export texture maps. Ka kashe Export two-sided faces, tunda ka riga ka gyara fuskoki. Idan a kunne yake kowace fuska sau biyu za ta fita, ɗaya a kan ɗaya, nauyi ya ninka kuma Cycles, injin renda na Blender, ya riƙa fitar da baƙin tabo. Ma'auni ka sa mita. Ka fitar a cikin folda sabuwa, kuma idan za ka tura wa wani ka dunƙule foldar duka a zip, ba FBX kaɗai ba.

Mataki na 4: auna ƙofa

Da fayil ya shigo Blender, kafin ka taɓa fitila ko fenti, auna ƙofa ɗaya. Ƙofar ɗaki a nan galibi mita 2.1 ce a tsaye, faɗinta santimita 90. Danna N ka duba Dimensions. Idan ta nuna 210, santimita aka karanta a matsayin mita. Idan 2100, milimita. Idan wajen 83, inci. Idan kusan 7, ƙafa. Wannan rikicin ya yi yawa a wurinmu saboda fuloti da ƙafa ake faɗinsa, bulo da inci, zane kuma da milimita, duk a aiki ɗaya.

Wani zai ce ai hoto ne, wa zai auna? Haske zai auna. Fitilar Blender da wat ake saita ta, kuma ƙarfinta na raguwa da ninkin nisa sau kansa. Ɗakin da ya ninka girmansa sau ɗari sai ka ninka masa fitila sau dubu goma kafin ya yi hasken da ya kamata. Haka dusashewar bayan hoto ta kyamara, da girman hatsin katako, da iyakar inda kyamara ke gani, duk da mita suke aiki. Wani yaro da ke koyo a shagon wani abokina a Agege ya taɓa kirana, falo ya ƙi haske duk da fitila goma sha. Ya ce, "Oga, ko katin girafik ɗin ne ya mutu? In kai shi Computer Village?" Na ce ya danna kujera ya karanta min tsawonta. Mita tamanin da biyar.

Mafi kyau ka goge ka sake shigarwa da sikeli daidai. Idan ginin ya zo a kwance, bambancin sama ne: SketchUp da Blender da 3ds Max Z ne samansu, Maya da glTF kuwa Y. A SketchUp akwai Swap YZ coordinates, ka gwada kunna shi ko kashe shi. Bayan komai ya tsaya daidai, zaɓi duka, Alt+P ka ɗauki Clear and Keep Transformation, sannan Ctrl+A ka tabbatar da Rotation da Scale. Idan ka bar sikeli a 0.01, duk Bevel (mai lanƙwasa gefe) ko Solidify (mai ba da kauri) da ka sa daga baya zai ba ka awon da ba shi ka rubuta ba.

Mataki na 5: tsabtace jikin samfuri

Kunna Face Orientation a cikin Overlays. Duk inda ya yi ja, baya ne. Shiga Edit Mode, A, Shift+N. Wanda ya ƙi, zaɓe shi ka juya da Alt+N, Flip.

Sau da yawa fuskoki kan zo a rarrabe, kowace da ɗigoginta. Danna M, By Distance, ka bar tazarar a ƙanƙance yadda take, 0.0001, idan ka ƙara ta da yawa za ta narkar da hannun ƙofa da maƙullan taga. Idan har yanzu bango mai faɗi yana nuna wata inuwa mai siffar alwatika daga kusurwa zuwa kusurwa, je Object Data, Geometry Data, ka danna Clear Custom Split Normals Data, sannan latsa dama a kan abin ka zaɓi Shade Auto Smooth. Daga Blender 4.1 wannan ya koma modifaya mai suna Smooth by Angle, amma aikin ɗaya ne: kusurwar da ta gaza digiri 30 a sulɓe ta, wadda ta fi haka a bar ta da kaifinta. Ginshiƙi mai layi 24 digiri 15 ne tsakanin fuskokinsa, zai sulɓe. Mai layi 12 daidai kan 30 yake, shi ya sa wani lokaci yake sulɓewa rabi ya bar rabi. Ɗaga shi zuwa 35.

Ka nemi fuskokin da suka hau kan juna: tayil da aka zana daidai kan silab, kafet daidai kan tayil, bango biyu a wuri ɗaya. Ɗaga na sama da milimita biyu ko uku.

Gilashi a SketchUp yawanci fuska ɗaya ce marar kauri. Cycles na karya haske idan ya shiga gilashi, ya miƙar da shi idan ya fita. Idan babu fuskar fita, duk abin da ke bayan taga zai gurɓace. Sa masa Solidify na milimita 5 ko 6, IOR, wato ma'aunin karyewar haske, ya zama 1.5. Ruwan wurin wanka kuma 1.33.

Kaifin gefe kuma shi ke sa hoto ya yi kama da na kwamfuta komai kyan fitila. Babu magini a Legas da ke fitar da kusurwar filasta kamar reza, kuma wannan ɗan lanƙwasar ce ke kama haske ta zana siririn layi a gefen bango. Modifayar Bevel takan rikice a kan samfurin da ya zo da alwatika barkatai. A Cycles akwai mafita: a cikin fentin, sa nod ɗin Bevel ka haɗa shi da Normal, radiyos milimita 3 zuwa 5. Ba ya taɓa jikin samfurin, a renda kawai yake aiki, kuma Eevee, ɗaya injin rendar na Blender, ba ya ganin sa.

Mataki na 6: renda ta farar ƙasa

Kafin fenti, je View Layer, Override, ka sa matiriyal ɗaya mai launin toka wa komai. Ɓoye gilashi, sa rana, yi renda ƙarama da sampul kaɗan. Duk tabo, duk rami, duk hasken da ke yoyo ta tsakanin bango da silin zai fito fili, ba hoton marmara da zai rufe shi. Minti biyu ne.

Mataki na 7: sake gina fenti

Ka ɗauka abin da ya iso suna ne kawai da hoton launi. Idan wani wuri ya yi ruwan hoda mai ƙarfi, hotonsa ya ɓace: File, External Data, Find Missing Files, ka nuna masa foldar. Sauran kuwa sai ka zauna ka gina. Kaushin da FBX ke kawowa zato ne, shi ya sa bangon siminti ke zuwa yana ƙyalli kamar roba.

Poly Haven da ambientCG suna ba da hotunan fenti kyauta. Idan ka haɗa su, hoton launi kaɗai zai zauna a sRGB. Na kaushi da na ƙarfe da Normal duk Non-Color. Hoton Normal, mai nuna tudu da rami a jikin fenti, iri biyu ne, GL da DX. Blender GL yake so, Unreal kuma DX. Idan ka sa wanda ba shi ba, ramin tsakanin tayil zai fito kamar tudu, haske ya zo ta inda babu fitila. Idan kuma hoton Glossiness ka samu daga kayan V-Ray, kishiyar Roughness ne, sai ka bi da shi ta nod ɗin Invert.

Girman tayil ka ƙirga shi da ido: mai santimita 60, ɗaya da rabi ne zai cika faɗin ƙofa. Idan shimfiɗar hoton ta zo a miƙe ko a karkace, zaɓi fuskokin ka danna U, Cube Projection, ya wadatar ga bango da daɓe. Katako ka duba hatsinsa ya bi tsawon ƙofa. Farin fenti kada ya kai fari ƙal. Tsayar da shi wajen 0.8, in ba haka ba haske zai yi ta kai-komo a ɗaki, inuwa ta mutu, renda ta daɗe.

Launi ma kan jawo gardama. Tun daga Blender 4.0 AgX ne ke sarrafa launin ƙarshe, kafin nan Filmic, kuma dukansu suna kwantar da launi mai zafi. Hajiya za ta ce ba wannan ruwan ƙasar ta zaɓa ba. Kada ka koma Standard don faranta mata, sama da tagogi za su ƙone. Canja Look zuwa mai ɗan ƙarfi, ka daidaita launin fentin kana kallon katin kalar da ta zaɓa.

Mataki na 8: nauyi da rana

Kayan 3D Warehouse, rumbun SketchUp na intanet, su ne ke kashe ƙananan laftof. Kujera ɗaya ko tukunyar fure tana iya fin ginin duka yawan fuskoki. Kunna Statistics ka nemo su. Abin da ya maimaitu, irin kujerun tebur ko fitilun katanga, zaɓe su duka, Ctrl+L, Link Object Data, su zama jiki ɗaya a ƙwaƙwalwa. Sai dai ka duba kada wasu su juya, domin sai cibiyarsu ta zo iri ɗaya. Bishiyoyin SketchUp ka zubar ka sa na manhajar renda. Hoto mai 4096 a 4096 yana cin wajen megabait 64 a katin girafik, fenti ɗaya kuma yakan ɗauki huɗu. A kati mai gigabait 4 ka ga ba a jima ba an cika. Simplify da ke Render Properties yana rage su duka zuwa 2048 a lokaci ɗaya, kuma a hoton waje ba mai ganewa.

Yanzu ka ɗauko arewar da ka rubuta. Legas na wajen digiri shida da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka da azahar rana kusan a tsakar ka take, bango ba ya samun haske sai rufi. Hoton gaban gida ya fi kyau da hantsi ko bayan la'asar. Daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewa take ɗan karkata, sauran shekara ta kudu. Mai gidan da ya san filinsa zai gane idan ka sa inuwa inda ba ta faɗuwa, balle idan akwai ɗan masallaci a bakin get, wanda dole ya fuskanci arewa maso gabas. Sararin sama kuma kada ka sa shuɗi tas irin na Turai. Namu fari-fari ne saboda laima, inuwarsa da taushi.

Idan gyara ya zo daga akitek, shigar da sabon fayil a Collection dabam. Blender zai sa wa fentin da suka maimaitu .001 a ƙarshen suna. Mayar da kowanne kan naka na asali, ka goge tsohon ginin. Kafin ka rufe, File, External Data, Pack Resources, domin hotuna su shige cikin fayil ɗin. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, File, Recover, Auto Save. Blender na ajiye kwafi duk minti biyu matuƙar ba ka kashe shi a Preferences ba.